Kyauta Ta Daina Amsa Masa

Sallama gare ku, 'yan uwana masu leƙo wannan shafi. Yau ku gyara zama, domin abin da zan ba ku har yanzu in na tuna shi sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado. Wadda ta san za ta yi min dariya ta yi abarta a ɗakinta, kada ta kawo min ita ƙasan rubutu.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Mardiyya, shekarata ashirin da biyar. Gidanmu yana cikin garin Daura, lungu biyu ne tsakaninmu da Kusugu. Na gama karatun koyarwa ban samu aiki ba, sai na rungumi keken ɗinki. Ƙannena mata biyu duk suna ɗakunansu, ƙaramar ma har da goyo. Saboda haka duk bikin da Umma ta je sai an ja ta gefe an ce, "Ita babbar fa, shiru?"

Ba wai ba ni da manemi ba. Ina da shi. Malam Sharfaddeen, malamin lissafi a wata sakandare a Dutsi. Dogo ne siriri mai tabarau, hularsa kullum a karkace kamar wani ya taɓa ta ya gudu. Shekara guda da wata biyu yana zuwa zance duk Juma'a bayan la'asar a kan mashin ɗinsa. In ya zauna a zaure zai ce, "Ya gida? Ya Umma? Ya Baba? Ya zafi?" Daga nan sai ya kama kallon takalminsa. Wata Juma'a na zauna na ƙirga, kalma arba'in da ɗaya ya furta cikin awa guda, sallama da bankwana duk suna ciki.

Za ku ce to me na gani? Ranar da kekena ya riƙa tsinke zare ana jibi Sallah, shi ya kwance shi ƙusa-ƙusa a kan tabarma ya mayar, har magariba bai ɗaga kai ba. Ya lura ina ƙanƙance ido wajen zura zare, Juma'a ta gaba sai ga shi da 'yar fitilar da ake maƙalawa a jikin keke. Bai ce komai ba, ajiyewa kawai ya yi. To ni irin wannan ke kama ni, ku yi haƙuri.

Baba dai ya gaji. Ya ce kafin Babbar Sallah ko Malam ya turo manyansa, ko ya ba wasu wuri. Ita kuwa Gwaggo Kande, yayar Baba da ke zaune tare da mu, tun ranar farko ta ce shirun yaron nan bai kwanta mata ba. "Mutumin da ba ya magana a nan, a wani wuri yake yin ta," in ji ta.

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina yanka wani leshi ruwan ƙwai na amaryar maƙwabta, sai wayata ta yi ƙara. Sunansa na gani. Na yi mamaki, domin saƙonsa ɗaya ne a duniya: "Barka da safiya," ƙarfe bakwai daidai. Na buɗe.

"Ma'aruf, Kyauta ta daina amsa min. Yau kwana uku. Duk abin da na tura mata shiru. Wata biyu ina wahala a kanta, in na rasa ta ban san yadda zan yi ba."

Ban gama haɗiye wannan ba wani ya shigo.

"Laifina ne. Ni na bar ta cikin duhu ita kaɗai."

Sai na ga duka biyun sun goge. Sannan: "Afuwan Mardiyya, ba naki ba ne."

Ya makara, na riga na ɗauki hotonsu. Jama'a, ban san lokacin da almakashi ya ratsa hannun rigar amarya ba. Abin da ya fi ci min rai ba sunan ba ne. Yawan maganar ne. Mutumin da ni yake auno min kalma kamar mai sayar da zinariya, ashe a kan wata zuba yake kamar famfo.

Gwaggo Kande tana kan tabarma tana tsinkar zogale. Ta ce, "Ke, lafiya kika daskare?"

Da na yi shiru da bakina da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Amma na karanta mata.

Ta ture tiren zogale. "Cikin duhu! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban faɗa ba? Ban faɗa muku ba?"

Umma ta leƙo daga kicin. "Yaya, a bi a hankali, ƙila 'yar uwarsa ce."

"'Yar uwa ake wahalar wata biyu a kanta? Ke dai kullum kamar a kan kunnenki aka haifi haƙuri."

Washegari tun da safe Gwaggo ta yafa babban mayafinta mai ruwan toka, wanda take zuwa gaisuwar mutuwa da shi, ta hau motar Dutsi. Sai bayan azahar ta dawo, gefen mayafin duk mai. Ta ce ta bincike unguwar makarantar gida-gida, Kyauta ɗaya ce tak: mai ƙosai a bakin ƙofar makaranta. Ta ba sittin baya, haƙoranta huɗu.

Na ce, "Gwaggo, to ai ba ita ba ce."

"Ita ce mana. Na tambaye ta ko ta san Malam Sharfaddeen, ta washe baki ta ce kullum a wurinta yake karyawa. Na ce ta ji tsoron Allah ta sakar wa yarinya miji. Sai ta biyo ni da matsami." Ta nuna man da ke mayafinta. "A ƙosai aka ba shi. Ni na san irin wannan aikin."

Kafin la'asar magana ta kai kunnen Baba. Bai yi faɗa ba, shi ba ya yi. Cewa ya yi, "Juma'a in ya zo ki sallame shi. In ba za ki iya ba, ni zan iya." Na shiga ɗaki na yi kukana a cikin ragowar leshin mutane.

Shi kuwa bawan Allah bai san ana yi ba. Laraba: "Barka da safiya." Na share. Alhamis: "Barka da safiya." Can da rana ya ƙaro, "Na ga kin karanta." Sai zuciya ta ɗebe ni na rubuta masa:

"Gobe ka zo min da Kyauta."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa. "Da gaske kina son ganinta?"

"Ƙwarai."

"Alhamdulillah. Ban taɓa zaton za ki so ba. Zan zo da ita, sai dai ba ta cikin hayyacinta."

Har da 'yar fuskar murmushi. Shekara guda bai taɓa turo min fuskar murmushi ba. Na yi jifa da wayar kan katifa.

Ranar Juma'a na yi kwalliyar da ko a bikin ƙanwata ban yi ba. Doguwar riga ta atamfa shuɗiya mai zanen ganye, wadda na ɗinka wa kaina na ɓoye, ɗauri mai hawa biyu, kwalli har gefen ido, turaren wuta sai da Umma ta yi tari. Na ce ko 'yar sittin ce ko 'yar sha takwas, sai ta san ta shigo Daura. Gwaggo ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna a bayan ƙofar zaure ta ciki, wai tana jan carbi.

Na ji tsayuwar mashin. Na leƙa. Shi kaɗai ne, da baƙar jaka a bayansa.

Ya yi sallama, ya zauna, ya fara, "Ya gida? Ya Um..."

"Ina take?"

Fuskarsa ta yi haske. Ya zuge jaka, ya fito da kwamfutar tafi-da-gidanka, ya ɗora a kan cinya, ya juyo min da ita. Baƙin sarari na gani da ɗigo-ɗigon taurari. A tsakiya ga wani abu kamar gwangwanin madara an ɗora shi a kan tulu, yana shawagi.

"Ga ta," in ji shi, a hankali kamar mai nuna jariri.

Na dubi gwangwani. Na dube shi. "Malam, wasa kake min?"

"Wasa ne, amma ba da ke ba. Wasan harba roka ne."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Wallahi ban san yana da wannan muryar ba. Ya ce a wasan kai kake haɗa rokarka guntu-guntu, tankin mai, inji, komai, ka harba ta sama, kuma lissafin tafiyar irin na gaske ne. In ka so ka sa matuƙi a ciki. In ba ka so, sai ka ɗora wannan ɗan gwangwanin a sama, shi ne ƙwaƙwalwar jirgin. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya numfashi, ba shi da nauyi, daga ƙasa kake ba shi umarni yana bi. Abu ɗaya yake buƙata, wutar lantarki. In batirinsa ya ƙare, shi ke nan, ko fikafikan solar da za su ceto shi ba za ka iya cewa ya buɗe ba, domin mai jin umarnin ne ya suma. Wata biyu yana gina wannan tafiyar zuwa wata duniya mai nisa, duk yamma in ya gama duba takardun ɗalibai. Sai ya manta bai buɗe fikafikan ba, jirgin ya bi ta inuwar duniyar wata, batir ya tsiyaye. Ma'aruf kuwa abokinsa ne a Katsina da suke wasan tare.

Ina jin sa, kunya tana hawa min tun daga yatsun ƙafa. Amma mace ba ta faɗuwa haka nan. Na ɗaure fuska.

"To don me Kyauta?"

"Sunan kakata ne, Allah ya jiƙanta."

"Amin. Ni ba ni da suna ne?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Na sa sunanki."

"Ina take?"

"Su goma sha huɗu ne." Ya mayar da tabaran. "Mardiyya ta ɗaya ko tashi ba ta yi ba ta fashe. Ta biyu ta tashi ta dawo ta ka. Ta bakwai na ɗaura mata ƙwaƙwalwar a juye, in na ce sama sai ta yi ƙasa. Ta goma sha ɗaya ta faɗa teku." Ya sunkuyar da kai. "Da ta goma sha huɗu ta kama wuta sai na daina. Raina ba ya son ganin sunanki a cikin wuta, ko da wasa ne."

'Yan uwa, wannan ita ce kalmar soyayya ta farko da na samu daga bakin mutumin nan, kuma a cikinta sai da na fashe sau goma sha huɗu. Duk da haka zuciyata ta yi wani irin lugub.

Ƙofa ta bugu. Gwaggo Kande ce tsaye, carbi yana lilo.

"Sau goma sha huɗu kana ƙona min 'ya! Har da jefawa a teku! To wallahi ba a gidan nan ba." Ta yi waje da sauri tana ƙwala wa Baba kira, yana can majalisarsu a gindin darbejiya.

Malam ya dube ni ido waje. "Me na yi?"

Na ce, "Labarin da tsawo. Matso da abin nan in gani."

Gaskiya so nake in ɓoye fuskata a wani wuri, shi ya sa na ƙura wa gwangwanin ido. Sai na hangi wani ɗan baƙin faifai manne a gefensa, bai fi katin waya ba.

"Wannan fa?"

"Ƙaramin sola ne. Amma ya ba rana baya, ba ya samun komai. Ni kuma ba ni da ikon juya ta."

"Ita Kyautar a tsaye take wuri ɗaya?"

"A'a, tana kewaya rana."

"To ni in na shanya kuɓewa inuwa ta rufe ta, ba na zama in yi ta kuka kwana uku. Ko in matsar, ko in jira rana ta zagayo. Tunda ba ta matsuwa, ka jira mana."

Leɓɓansa suka fara motsi, yana zana wani abu da yatsa a iska. Sai ya danna wani maɓalli, kwanakin cikin wasan suka riƙa gudu kamar mitar gidan mai. Ashe tsoron gudanar da lokaci yake yi, kada ta ƙara nisa. Kwana ashirin. Arba'in. Saba'in. Haske ya fara lasar gefen faifan. Wata 'yar fitila ta yi kore.

"Ta amsa! Mardiyya, ta amsa!" Ya danna, fikafikai biyu suka miƙe a hankali, shuɗaye, kusan kalar atamfata. Ya juyo yana dubana kamar ni na ƙera rana.

A haka Baba ya same mu, Gwaggo a bayansa tana haki.

Wanda bai san Baba ba, Alhaji Sha'aban ke nan, shekara talatin da biyu yana jan babbar mota daga Daura ta Kongolam har Damagaram kafin gwiwa ta ajiye shi. Malam ya zube ƙasa yana gaisuwa. Baba bai amsa sosai ba.

"Kai ne mai Kyauta?"

"Ni ne, Baba. Ga ta nan."

Baba ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Malam ya sake bayani. Na ga gemun Baba yana motsi, alamar dariya yake dannewa. Ya waiwayi Gwaggo. "Yaya, wannan ce mai ƙosan?"

"Ni dai na ji da kunnena an ce an ƙona Mardiyya."

Baba ya mayar da ido kan kwamfuta. "Wa ke tuƙa ta?"

"Babu kowa a ciki, Baba. Wannan gwangwanin ne."

"Babu direba?" Dariyar ta ɗauke. "Tafiya mai nisa haka, da kaya, babu direba? Ina birkinta?"

"Ba ta da birki, Baba. In za a tsaya sai a juya ta a hura wuta ta gaba."

"La haula. Wa ya ba ku lasin?" Ya tattare babbar rigarsa ya zauna a kan tabarma. "Miƙo nan."

Malam ya miƙa da hannu biyu, kamar mai ba da ɗansa a yi masa kaciya. Ya nuna masa maɓallan juyawa. Abin mamaki, hannun Baba ya faɗa nan da nan. Ya karkata ta dama, ya dawo da ita hagu, ya daidaita ta cak. "Sitiyarin da laushi," in ji shi. Sai idonsa ya sauka kan dogon maɓallin nan na ƙasa, wanda ya fi kowanne girma.

"Ka ce babu birki. Wannan fa?"

"Baba kada..."

Ya taka shi da babban yatsa.

Wani ɗan ƙara ya fito, fat. Tulun da ke ƙasa, wato tankin mai da inji, ya rabu da gwangwanin. Muna kallo suka yi ta nisa da juna a hankali, shi ya yi gabas, ita ta yi yamma da fikafikanta a buɗe, fitilarta kore shar.

Baba ya ce, "Me ya faɗi?"

"Injin ne, Baba."

"A mayar mana."

"Ba ya mayuwa. Irin wasan da ba a komawa baya na zaɓa." Muryarsa ta sirance. "Tana ji, tana amsawa, sai dai ba za ta ƙara tsayawa ko'ina ba."

Na dubi Malam. Idonsa ya kawo ruwa a bayan tabarau. Wata biyu. Minti biyar kacal da farfaɗowarta. Na ce yau zan ji kalar fushinsa.

Ya ja numfashi ya ce, "Ba komai, Baba. Hannu ne. Ni ma na yi sau da yawa."

Baba ya ce, kamar da kansa yake magana, "Shekara talatin da biyu ban taɓa yar da inji a hanya ba." Ya ɗago ya ƙare wa Malam kallo tun daga karkatacciyar hula har takalmi. "Na ɓata maka aikin wata biyu, ka ce min ba komai, alhali ga hawaye a idonka. Lahadi ta sama manyanka su zo."

Gwaggo ta ce, "Sha'aban!"

"Yaya, na gama magana. Gobe kuma a aika wa baiwar Allah mai ƙosai da ban haƙuri."

Ni dai na ja mayafi na rufe fuska, ina murmushi a ciki har kumatuna suna ciwo. Malam ya shiga godiya, kalmomi suna tuntuɓe da juna. Ya miƙa hannu zai ɗauki kwamfutarsa. Baba ya dafe ta.

"Wannan a nan za ta zauna. Ni na yar da kaya, ni zan je in kwaso. Gobe ka zo da wuri ka nuna min yadda ake haɗa wata. Mai direba."

Yau Juma'a, kwana bakwai ke nan. Kullum aka tashi daga makaranta Malam yana gidanmu, abin da na shekara ina roƙon Allah. Sau biyu na gan shi, duka biyun na kai musu ruwa ne. Baba ya daina zuwa majalisa, har abokansa sun aiko a ji ko jikin ne. Daga zaure ba ka jin komai sai "Ƙara wuta!" da "Sassauta, sassauta!" sai kuma wani ƙara mai kama da faɗuwar tukunya, sannan salati. Gwaggo ta daina yi wa kowa magana tun da ta ji sunan da Baba ya raɗa wa rokarsa ta uku.

Ɗazu da hantsi ni da Umma muna jera kwanonin da za a tari baƙi da su jibi, ta aike ni in tambayi Baba ko mutum nawa za a yi wa girki. Na same shi shi kaɗai a zaure, tabaran karatunsa a kan hanci, yatsa ɗaya a sama yana neman maɓalli.

Na durƙusa na ce, "Baba, Umma ta ce baƙin Lahadi su nawa ne?"

Bai ko ɗago ba.

"Wace Lahadin? Ta jibi? Haba Mardiyya, ai ranar muke isa duniyar wata. Ki ce a ɗaga."